Hattara da mai tallan salansa a WhatsApp

'Yan uwa masu manyan moto a Maradi, akwai wani mutum da ke yawo a gurup-gurup yana tallan salansa, wato bututun hayaƙin moto, wai Vance & Hines ce 'yar Amurka, wata kuma Akrapovič ta Sloveniya. Hotunan da yake turawa masu kyau ne, shi ya sa na faɗa.

Honda Shadow 750 gare ni. Ya ce tasa ta titaniyom ce, in na sa ta, moto zai ƙara ƙarfi ninki biyu, ya rage shan mai. Na tura masa jika sittin kafin alƙalami. Sati uku yana ce mini kaya sun maƙale a Malanbil, tunda a lokacin iyakarmu da Benin a rufe take tun 2023. Uzuri ne da kowa zai yarda da shi, ya san da haka. Sai ya nemi ƙarin jika goma na masu haye da kaya ta kwale-kwale zuwa Gaya. Na ƙara.

Da kayan suka zo, na kai wa makanikena a Sabon Gari. Bai ce komai ba, ya ɗauko mayen ƙarfe ya ɗora, ya manne ƙam. Ya ce: "Alhaji, da titaniyom ce kamar yadda ya faɗa maka, wannan ba zai kama ba." Baƙin ƙarfe ne siriri aka shafa wa ƙyalli, waldar duk ƙuraje, tambarin ma liƙa shi aka yi da gam. Ramukan ƙusa ba su dace da injina ba.

Maganar ƙarfi ninki biyu kuwa ƙarya ce ko da salansar ta gaske ce. Abin da take ƙarawa kaɗan ne, yawanci ƙara ce kawai. Kuma in ka buɗe wa hayaƙi hanya ba ka gyara kabureta ta ƙara mai ba, iska ta fi mai yawa, inji ya ɗau zafi, ya riƙa tartsatsi in ka saki totur. A zafin Afrilu na garin nan, wannan kashe inji ne.

Mai tallan ya toshe lambata, amma jiya na ga hotunan nan a Facebook da sabon suna. Wanda zai saya, ya tafi da makanikensa da mayen ƙarfe, a gwada ta a jikin moto kafin dala ɗaya ta fita daga aljihu.