Zuwa Orkney da Shetland ta ruwa: wace hanya ta fi dacewa da kai?

Idan kana zaune a birnin Abadin (Aberdeen), ko karatu ya kawo ka ko aikin mai, kuma kana son leƙa tsibiran da ke arewacin Sikotilan, fara tsayar da inda ka nufa. Orkney na kusa, har ana hango ta daga gaɓar tekun can ƙarshen arewacin Sikotilan in gari ya waye garau. Shetland kuwa sai an kwana a kan ruwa.

Hanyoyi uku ne manya ke kai mutum Orkney. Kamfanin NorthLink na da jirgi mai suna Hamnavoe da ke tashi daga Scrabster, a ƙarshen arewacin Sikotilan, zuwa garin Stromness na Orkney, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ni dai wannan na fi so. Jirgin na bi ta gefen Old Man of Hoy, wani jan dutse da ya miƙe tsaye daga cikin teku har mita 137, kuma in ka fito waje ka tsaya a jikin ƙarfe za ka gan shi sosai, iska na kaɗa maka riga. Daga Stromness kuma ba nisa zuwa Skara Brae, ƙauyen duwatsu da ya kai kimanin shekara 5,000. Wahalarta ɗaya: kafin ka kai Scrabster ka sha hanya. Jirgin ƙasa daga Inverness zuwa Thurso, garin da ke kusa da Scrabster, kaɗai na cin kusan awa huɗu.

Ta biyu ita ce ta Pentland Ferries, daga Gills Bay zuwa St Margaret's Hope, awa ɗaya da 'yan mintuna. Mai saurin tashin zuciya ya duba wannan, domin mashigin Pentland Firth ruwansa na da ƙarfin gaske, kuma duk mintin da aka rage a kansa riba ne. Sai dai mai mota ta fi yi wa daɗi, don tashoshin biyu duk a ƙauye suke.

Ta uku daga Abadin kai tsaye zuwa Kirkwall, babban garin Orkney, kusan awa shida. Ba kullum take ba, kuma jirgin kan iso wajen ƙarfe 11 na dare a tashar Hatston da ke bayan garin Kirkwall. Kama masauki da motar da za ta ɗauke ka tun kafin ka taso.

Shetland ba ta da zaɓin hanya sosai. Jiragen NorthLink biyu, Hjaltland da Hrossey, su ke kai da kawowa tsakanin Abadin da Lerwick, babban garin Shetland. A tashi da yamma, a sauka da safe, awa 12 zuwa 14, ya danganta da ko an biya ta Kirkwall. Zaɓin da ke gabanka na makwanci ne. Akwai kujera mai kwantawa baya, ita ce mafi araha. Akwai wata kujerar ta musamman da ta fi ta faɗi da sirri. Sannan akwai ɗaki mai gado da banɗaki. In da iyali kake tafe, ko da hunturu ne lokacin da teku ke tumbatsa, kada ka yi ƙyashin kuɗin ɗaki. Wanda ya kwana a zaune jirgi na jijjiga shi, ranar farko a tsibirin barci zai cinye masa ita. Ga kuma sauƙin alwala da wurin shimfiɗa darduma ba tare da takura ba. Ɗakunan da gurbin mota kan ƙare da wuri a watannin Yuni zuwa Agusta, don haka a yi rajista tun da sauran makonni.

Mai tafiya a Yuni ya sani cewa a Shetland dare ba ya yin duhu sosai, tazarar Isha da Asuba kuma takan matse ƙwarai. Nemi jadawalin sallah na Lerwick ɗin kanta kafin ka hau, kada ka dogara da na Abadin. Da hunturu kuma, ka bar ranar sarari a shirinka, domin iska kan sa a jinkirta tashin jirgi ko a soke shi.