Mai layar zana a cikin danjin: wane wasa ya cancanci kuɗinka da datarka?

Samarin Aboabo da Asawase a Kumasi da suka gaji da wasan ƙwallo na FIFA sukan zo da tambaya iri ɗaya: suna son jarumin nan mai wuƙaƙe biyu, wanda yake ɓacewa ya bayyana a bayan abokin gaba, amma ba su san wasan da za su zuba wa kuɗi ba. Wasannin intanet biyar ake yawan ambata a majalisar ataya: World of Warcraft, Final Fantasy XIV, Elder Scrolls Online, Guild Wars 2 da Albion Online. Dukkansu suna da mai layar zana. Abin da ya raba su shi ne ko layar tana da amfani idan kun shiga danjin, wato kogon dodanni da ake shiga a ƙungiya, da mai tare duka a gaba, mai magani a baya, masu ɓarna a tsakiya.

Ni dai nawa zaɓin Rogue ne, mai layar zana na World of Warcraft (WoW), wasan da kamfanin Blizzard ya fitar tun 2004. A danjin ɗinsa mutum biyar ake shiga, uku daga ciki masu ɓarna ne, kuma Rogue yana zuwa da kayan aikin da sauran ba su da irinsa. Kafin faɗa ya fara, kana iya lallaɓawa ka yi wa ɗaya daga cikin dodanni Sap, ya tsaya a sume, 'yan'uwansa ba su sani ba. Garke mai biyar ya koma huɗu ke nan. Sharaɗin kawai kada wani mai zumuɗi ya taɓa shi, domin duka ɗaya yana farkar da shi. Idan faɗa ya kaure kuma, Kick yana katse tsafin da dodo yake haɗawa, kuma wannan shi ne abin da tsofaffin 'yan wasa suke dubawa kafin su sake gayyatarka. Mai buga lambobi manya amma ba ya katse tsafi, sau ɗaya ake tafiya da shi.

Sai babbar layar, Shroud of Concealment, wadda take lulluɓe ƙungiyar gaba ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi, ku wuce ta gaban garke ba tare da an zare wuƙa ba. Tun da aka kawo Mythic+ a 2016, inda ake tsere da agogo, wannan ya sa Rogue ya samu daraja. Amma da hankali ake yi. Akwai adadin dodanni da dole a kashe kafin a ce kun gama, don haka wanda ya tsallake kowa zai isa ƙarshe a ce masa ya koma baya. Wasu dodannin kuma suna gani ta cikin laya, za ka ga alamar ido a kansu. Idan komai ya lalace, mai tare duka ya faɗi, Vanish yana fitar da kai daga faɗan da ranka. Akwai kuma Tricks of the Trade, mai mayar da fushin dodanni kan mai tare duka, ka yi ta sara ba wanda ya waiwaye ka.

Rogue ɗin ma hanya uku ce, kuma a nan ne zamanmu a Kumasi ya shigo lissafi. Ko sabar Turai ka zaɓa, wadda ita ce ta fi kusa da mu, jinkirin intanet yakan haura milisakan 100, ya ƙaru da dare idan unguwa duka ta hau layi. Outlaw, wanda a da ake kira Combat, yana son yatsa mai sauri da layi mai tsabta, ga caca a cikinsa. Subtlety kuma duk ƙarfinsa yana cikin ɗan taƙin lokaci da yake buɗewa, idan layi ya yi tuntuɓe a daidai nan, ka yi asarar zagayen. Assassination na fi ba ƙannena shawara. Guba da zubar jini ne makaminsa: ka sa Garrote, ka sa Rupture, ka tara maki ka kashe su da Envenom. Ko hoton ya daskare na daƙiƙa biyu, gubar tana can tana cin dodon. Kamar garwashin da aka rufe da toka ne, kana ganin wuta ta mutu alhali tana ci.

Kuɗinsa fa? Kyauta ne har mataki na 20, ya ishe ka ka ɗanɗana laya da wuƙa. Bayan nan akwai kuɗin wata, kusan dala 15, kuma sabon babin wasan daban ake sayensa. Wannan nauyi ne ga mai samun sidi, ba na musu. Kuɗin watan dai ya haɗa da Classic, tsohon salon da aka dawo da shi a 2019, inda Sap da buɗe makullin akwati suka fi ma tasiri. Wanda ya ƙware yana iya tara zinaren cikin wasa ya sayi WoW Token ya biya wata da shi, hanya ce halastacciya da kamfanin da kansa ya buɗe a 2015. Saukewa kuma ya haura gigabait 100, don haka kada ka gwada da datar waya. Nemi wurin da ke da layin faiba, ko abokin da zai kwafa maka a faifai.

Final Fantasy XIV yana da gwajin kyauta mai tsawo sosai, kuma mutanensa suna da haƙuri da sabon shiga. Sai dai Ninja ɗinsa, wanda Rogue yake zama a mataki na 30, sunan ɓuya kawai gare shi a danjin. Aikinsa haɗa alamun hannu uku a jere, kuma da jinkirin layinmu sau da yawa zomo ne zai fito maka a ka, alamar ka kuskure jerin, maimakon tsawar da za ka jefi dodo da ita. Elder Scrolls Online, mai Nightblade, sau ɗaya ake saye, kuma yana da daɗin sata a cikin gari, amma a danjin kowa gudu yake, ba mai jiran ka lallaɓa. Thief na Guild Wars 2 shi ne na biyu a wurina: babu kuɗin wata, tushen wasan kyauta ne tun 2015, Shadow Refuge ɗinsa ma yana ɓoye ƙungiya. Matsalar ita ce tsofaffin danjin ɗinsa jama'a sun ragu. Albion yana tafiya a waya, ya kuma samu sabar Turai a 2024, amma a yankunan ja da baƙi idan aka kashe ka, duk abin da ke jikinka an kwashe. Ga mai zama da dumso, wato yawan ɗauke wuta, wannan ba wasa ba ne, sadaka ce.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan muhimmanci. Biyan kuɗin wata yana buƙatar katin banki mai aiki a waje, kuma da yawanmu MoMo, wato asusun kuɗi na waya, muka saba da shi. A wannan ratar ne 'yan damfara suka kafa shago. Wani ya taɓa sayar mini da lambar katin wasa ta WhatsApp, da hoton rasit da komai, na tura kuɗi, na sa lambar, aka ce an riga an yi amfani da ita. Kafin la'asar layinsa ya daina shiga. Wasu kuma lambar gaskiya ce, amma ta wani yanki ce da ba ta shiga asusunka. Idan dole sai ta hannun mutum, to ya zama wanda ka san shagonsa, ka zauna a gabansa a sa lambar, ta shiga, sannan ka biya.

Asusun da aka riga aka gina, mai Rogue a matakin ƙarshe da kaya masu walƙiya, kada ka saya ko an yi maka rabin kuɗi. Dokar wasan ta hana, kuma mai asusun na asali yana iya nuna shaidarsa ya karɓe abinsa bayan ka biya wata uku a kai. Ba ka da inda za ka kai ƙara. Bayan haka, wanda bai tashi da jarumin daga mataki na 1 ba, danjin farko za a gane shi, domin zai fasa Sap ɗin da shi da kansa ya sa. Haka masu tallar zinare a cikin hira: yawancinsa daga asusun da aka sace ya fito, kuma mai saye ma ana dakatar da shi. Haka masu aiko da saƙo su ce su ma'aikatan kamfani ne, an kama asusunka da laifi, ka shiga wani adireshi ka tabbatar da kanka. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar kalmar sirri. Sabobin bayan fage da ake tallata wa yara da sunan "WoW kyauta" su ma ba na kamfanin ba ne, ana iya rufe su dare ɗaya, kuma manhajar da suke sa ka sauke ba ka san me ke cikinta ba. Kada ka taɓa amfani da kalmar sirrin imel ɗinka a can.

Ranar da ka buɗe asusu, ka kunna Authenticator na Battle.net, wato makullin tsaron asusun Blizzard, a wayarka kafin ka ƙirƙiri jarumi. Lambar sirrin MoMo kuwa ba ta da alaƙa da kowane wasa, duk wanda ya nema ɓarawo ne. Idan an riga an cuce ka, hukumar tsaron intanet ta Ghana tana karɓar rahoto a lamba 292, ta kira ko saƙo, ka kuma sanar da kamfanin layinka da wuri.

Kwamfutar ma a duba ta. Masu sayen ta hannu a Adum su tabbata tana da SSD da katin hoto na daban, su sa a kunna wasa a gabansu na minti 20 a ji zafinta, domin akwai waɗanda ake manna wa takardar da ba tasu ba. Laftof mai batir lafiyayye ya fi ta tebur a wurinmu, kuma ƙaramin UPS a kan rauta yana riƙe layi idan an ɗauke wuta kuna gaban babban dodo. Kafin ka shiga cikin mutane, WoW yana da danjin da ake shiga da mataimaka na kwamfuta tun 2024. A can za ka koyi tsayawa a bayan dodo da lokacin danna Kick, ba wanda zai kore ka daga ƙungiya don layinka ya yanke.