Sharhi kan tsinken gwajin sikila na HemoTypeSC

Tun da dokar gwajin lafiya kafin aure ta fara aiki a Kano a 2024, ɗakunan gwaje-gwaje suka cika da masu neman takardar jinotaif, wasu ma sai ana jibi ɗaurin aure suke zuwa. Mun gwada wannan tsinke tare da tsohuwar na'urar ilektiroforesis (mai raba nau'o'in jini da wutar lantarki), kuma a ganinmu ƙaramin asibiti na unguwa ya fi samun kwanciyar hankali da tsinken.

Na'urar tana da kyau idan an cika mata sharuɗɗanta, amma sharuɗɗan ne da wuya: wuta mai tsayawa har a gama, ruwan sinadari sabo, da jinin da aka riga aka san nau'insa don a gwada da shi. Aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ko aka yi ta maimaita tsohon ruwa, sai layin A (nau'in jini mai lafiya) da na S (nau'in sikila) su kasa rabuwa. Ta nan ake ba mai AS takardar AA, a yi aure, a haifi mai sikila. Wannan kuskure ne da iyali ke biya shekara da shekaru.

Tsinken ba ya son wuta ko firji. A ɗiga ruwa ɗigo 6 a 'yar kwalbar da ke zuwa tare da tsinken, a goge yatsa a bari ya bushe, a huda, a dangwali jini da sandar da ke cikin kunshin (maikirolita 1.5 kawai take ɗauka), a juya ta cikin ruwan har jinin ya narke, sannan a tsoma tsinken kibiyoyinsa suna kallon ƙasa. Bayan minti 10 a karanta. Yana aiki har ga jariri sabon haihuwa.

Inda ake tuntuɓe shi ne karatun, domin a juye yake. Wanda ya saba da tsinken maleriya ya san fitowar layi ita ce alamar ciwo. A nan kuwa layin da ya ɓace shi ke nuna abin da ke cikin jinin. Layin A kaɗai ya ɓace, AA ne. Na A da na S suka ɓace, AS ne. Na S kaɗai ya ɓace, SS ne. Layi ko dishi-dishi ya fito, layi ne, don haka a karanta a wuri mai haske, takardar hoton sakamakon tana gefe. Idan layin tabbatarwa, mai nuna cewa tsinken ya yi aiki, bai fito ba, a jefar a sake. Kada a bar sabon ma'aikaci ya sa hannu shi kaɗai sai wani ya duba.

Yana da iyaka. A da S da C (wani nau'in jini da ke kawo sikila idan ya haɗu da S) kawai yake ganewa, saboda haka mai ɗauke da talasimiya (wani ciwon ƙarancin jini da ake gada) zai iya fitowa a matsayin AA, wani mai sikila haɗe da talasimiya kuma ya fito kamar AS. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata 3 da suka wuce, jinin wani ake gwadawa tare da nasa, sai a tambaya kafin a huda yatsa. Duk wanda ya fito SS ko SC, ko sakamakonsa ya saɓa da tsohuwar takardarsa, ko mai AS da ke yawan ciwon ƙashi da ƙarancin jini, a tura shi babban asibiti a tabbatar da sakamakon da na'urar HPLC mai auna nau'o'in jini dalla-dalla kafin a rubuta wa waliyyai komai.