Shotcut a aikin tafsiri: maɓallin da ke hana ayoyi zamewa

Masu haɗa bidiyon tafsiri a Birnin Kebbi, Jega da Argungu sun san inda gizo ke saƙar, wato ayoyin nan da ake ɗorawa a ƙasan hoto. Alaramma mai jan baƙi yana buɗe baki, ayar ta bayyana, yana rufewa ta ɓace. A manhajar haɗa bidiyo ana jera aiki ne layi-layi, bidiyon yana layin ƙasa, sauran a samansa. Karatun awa ɗaya zai iya cin hoton aya talatin ko arba'in a layi na biyu, ga sunan malam, ga tambarin masallaci a layi na uku. Ka gama jera su tsaf, sai kwamiti ya ce a cire wajen da lasifika ta yi ƙara a minti na 12. Ka yanke sakan 7 daga layin ƙasa, bidiyon ya matso baya, ayoyin suna nan inda ka bar su. Daga nan har ƙarshe kowace aya sai ta makara da sakan 7, malam yana fassara wata, allo yana nuna wata. A bidiyon biki ana iya kau da kai, amma ban da Alƙur'ani.

Manhajar wayar da yawancinmu muka fara da ita, da yatsa ake jan kowane hoto ana mayar da shi, ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa Shotcut, manhajar haɗa bidiyo ta kwamfuta, ta ba ni mamaki, ga ta kyauta, ba ta kuma manna maka tambarinta a kan aiki. A saman layukan aiki akwai wani ɗan maɓalli, Ripple All Tracks. Idan yana kunne, ka danna harafin S a kibod don yanka a farkon abin da za ka cire, ka sake danna S a ƙarshensa, ka zaɓi guntun ka danna X, to duk tsawon da ya fita daga layin ƙasa (V1) shi zai fita daga na biyu da na uku (V2 da V3) da layukan sauti. Ayoyin arba'in su matso tare, kowace ta tsaya a kan bakin alaramma kamar yadda ka ajiye ta. Wallahi wannan kaɗai ya isa mutum ya sauke manhajar. A kula, X ne ke jan abin da ke gaba ya cike gurbin. Z ɗaga guntun kawai yake yi ya bar wajen fili, babu abin da ke motsi.

Sai dai maɓallin ba ya zuwa a kunne, kuma ƙarami ne a cikin jerin 'yan uwansa, mutum zai iya daɗewa yana aiki bai san da shi ba. Maƙwabcinsa Ripple Markers shi ma a kunna shi, in dai kana sa alama da M a farkon kowace aya. In ba haka ba, hotuna su matsa, alamomin su tsaya, ka rasa wanda za ka gaskata.

To ga inda murnata ta ragu. Maɓallin nan ba ya tambaya, duk abin da ya tarar a saman wajen da ka yanke, yankewa yake. Idan hoton aya na sakan 10 ya faɗo a kan sakan 7 ɗin nan, sakan 3 za a bar maka, kuma babu wani gargaɗi. Idan gajere ne, ya tafi gaba ɗaya. Dole kafin ka danna X ka ɗaga ido ka duba layukan sama. Tambarin da ke tafiya daga farko zuwa ƙarshe, da sautin da aka shimfiɗa a ƙasa kamar na tallan shago ko bidiyon walima, su kuma a sa wa layinsu kwaɗo. Layin da aka kulle wuƙar ba ta taɓa shi. Wanda ya manta, zai ji sautin ya yi tsalle a tsakiya kamar tsohon kaset.

Haɗa gutsattsari su zama ƙungiya da Ctrl+G, wanda ya shigo a farkon 2024, yana taimakawa idan za ka ɗauke sashe guda ka kai shi wani wuri: zaɓi guntun bidiyon da ayarsa da fassararsa, ka haɗe su, ka ja su tare. Amma bai kai abin da manhajar Final Cut Pro ta kamfanin Apple ke yi ba, inda hoton sama ke maƙale da wani takamaiman firem (hoto ɗaya cikin jerin hotunan da ke yin bidiyo) na bidiyon ƙasa ya bi shi duk inda ya je. A nan kai ne mai tunawa.

Abin da ya fi cin raina kuma ba laifin manhajar ba ne. Bidiyon waya ne. Za a ce ga kusurwa ta biyu wani ɗalibi ya ɗauka da wayarsa, a ɗora a sama. Waya ba ta riƙe adadin firem ɗaya a kowane sakan, haske yana raguwa bayan la'asar ita ma tana rage gudu. Sai ka daidaita farko daidai, ka je minti na 40 ka tarar leɓe da murya sun raba hanya, kuma babu maɓallin da zai gyara wannan. Shotcut tana gane irin wannan fayil ta ba ka shawarar Convert to Edit-friendly, wato a juya shi zuwa fayil mai daidaitaccen gudu. Ka karɓa kafin ka yi yanka ko ɗaya. Sabon fayil ɗin zai yi nauyi sosai, kuma a tsohuwar laftof yana ɗaukar lokaci, don haka a yi shi lokacin da akwai wuta, ba a kan man janareta ba. Masu turo bidiyo ta WhatsApp kuma don Allah ku turo shi a matsayin takarda (Document), kada a matse shi a hanya. Bayan an juya fayil ɗin, Align To Reference Track na iya jera shi da babbar kyamara ta hanyar sauraron sautinsu, muddin wayar ta kama murya sosai. In mai wayar can bayan sahu ya zauna kusa da fanka, sai dai ka nemi wajen da malam ya ƙwanƙwasa makirfo ka daidaita da ido.

Tun kafin a jawo fayil na farko a saita Video Mode, wato girman hoto da adadin firem na aikin, da hannu. Idan aka bar shi a Automatic, abin da ka fara sakawa shi zai bi, ko da guntun waya ne a tsaye. Ni 1080p mai firem 25 nake zaɓa, domin wutar lantarkinmu mai zagaye 50 a sakan ce, kyamarar da aka saita a 25 ba ta kyaftawa a ƙarƙashin fitilun masallaci. Canza wannan bayan an jera ayoyi neman rigima ne.

In kuma laftof ɗinka mai ƙwaƙwalwar aiki (RAM) gigabait 4 ce ko 8, kada ka yarda da abin da kake gani yayin kunnawa. Layi uku a jere na sa hoto ya riƙa sarƙewa, ka ɗauka aya ta makara alhali tana daidai, ka je ka ɓata abin da ke lafiya. Kunna Proxy, wato kwafin bidiyon mara nauyi da ake aiki da shi, ka sauke Preview Scaling, girman hoton da kake kallo yayin aiki, zuwa 540p, sannan ka fitar da minti biyu na ƙarshe su kaɗai ka kalla a waya kafin ka saki na awa ɗaya.