Asibitin Ido na ECWA a Kano

Duk wanda yanar ido ta hana shi gani, ina ba shi shawara ya nufi Asibitin Ido na ECWA da ke Sabon Gari, Kano. 'Yan mishan na ƙungiyar Sudan Interior Mission (SIM) suka kafa shi a 1943, yanzu yana hannun cocin ECWA. Can na kai Inna don a yi mata aikin cire yana. Wurin jira cike da Musulmi da Kirista, har da mutanen Nijar, kuma ba a fifita kowa saboda addininsa. Ma'aikaciyar da ta ɗiga mata magani ta yi ta lallashinta: "Sannu Mama, kada ki ji tsoro." A wurina wannan hidimar ma wa'azi ce. Washegarin aikin aka cire bandeji, Inna ta ga fuskokin jikokinta sarai. Sai dai a yi sammako, don jama'a na da yawa.