Hattara da mai tallan "filawil ɗin tsere" a cikin Kano

Jama'a, musamman samari masu motar manuwal da ke son a ji kukan injinsu a titin BUK da yamma, akwai wani mutum da ke yawo a TikTok da zaurukan WhatsApp yana tallan abin da ya kira filawil ɗin tsere. Ba shi da shago. A waya ake ciniki, a tura kuɗi ta asusu, ya aiko yaro da kayan a Adaidaita Sahu. Ƙanena ya faɗa hannunsa da Honda Civic ɗinsa, naira 180,000 ta tafi, kuma Allah ne kaɗai ya kiyaye abin ya tsaya a asarar kuɗi.

Ga wanda bai sani ba, filawil shi ne faifan ƙarfen nan mai nauyi da ake ɗaurewa a ƙarshen kiranshaf, wato sandar da inji ke juyawa, tsakanin inji da giyabos. A jikinsa kulochi yake kamawa, haƙoran gefensa kuma su ne sitata ke cafka idan an yi wa mota ki. Nauyin nan da gangan aka yi shi. Inji mai silinda 4 sau biyu kacal yake bugawa a kowane zagaye, filawil ne ke riƙe ƙarfin bugun ya cike tsakani, shi ya sa mota ke zama lafiya a silo ba ta kakkarwa.

Filawil marar nauyi na gaske akwai shi, ban ce babu ba. Kamfanoni irin su Exedy da ACT da Fidanza suna yi, ko da ƙarfen kuromoli ko da alminiyom da aka ɗaura wa farantin ƙarfe a inda kulochi ke gogawa. Amfaninsa shi ne inji ya ɗauki wuta da sauri, ya sauka da sauri, mota ta fi zabura a giya ta ɗaya da ta biyu. Iyakarsa ke nan. A giya ta biyar ba za ka ji wani bambanci ba, gudun ƙarshe na motar bai ƙaru ba, kuma inji bai samu ƙarfin doki ko ɗaya da ba shi da shi a da ba. Shi kuwa wannan mutumin rantsuwa yake yi cewa nasa yana ƙara doki 30, har ma ya rage shan mai da rabi. Tun daga nan ya kamata a ce an tsaya an yi tunani.

Ko na gasken ma ba abin hawan yau da kullum ba ne a gari irin namu. Ka shiga cunkoson Kurna ko na bakin Kantin Kwari da shi, kana ɗaga ƙafa daga kulochi mota ta mutu, 'yan Adaidaita su cika maka kunne da hon. Ka kunna esi a silo, giyabos ya riƙa ƙaras-ƙaras kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Wanda ya san haka ya saya don filin wasa, wannan zaɓinsa ne.

To amma abin da aka kawo wa ƙanena ba ma wannan ba ne. Kwana tara da ɗaurawa motar ta fara girgiza idan an taka totur, sitiyari har yana kaɗa hannu. Ya zo ya same ni, "Yaya, wai fa an ce haka yake yi kafin ya zauna." Na ce mu je gareji. Bakanikenmu, dattijo ne da ya haura shekara 30 yana wannan aiki, ya sauke giyabos, ya ciro faifan, ya kankare fentin azurfar da wuƙa. Sai ga lambar da aka zubo shi da ita tun daga masana'anta, rabinta an cinye da inji. Ya juyo ya ce da ni, "Alhaji, wannan ai tsohon filawil ne na zubi aka kai wa masu tona, masu injin fere ƙarfe, suka fere bayansa." Ya nuna mana wasu siraran tsaga guda biyu da suka taso daga ramukan kusoshi.

A nan biri ya yi kama da mutum. Sharaɗin mutumin shi ne ka ba shi tsohon filawil ɗinka ya rage maka naira 20,000. Wato naka zai fere, ya fesa masa fenti, ya sayar wa na bayanka. Jarinsa gwangwanin fenti ne da ladan mai tona.

Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa kafin ya karye, fashewa yake yi gaba ɗaya kamar tukunyar ƙasa. Ku yi lissafin da kanku: faifai mai faɗin santimita 30 idan inji ya kai zagaye 6,000 a minti, bakinsa yana gudun kusan kilomita 340 a awa. Kuma duk lokacin da zagaye ya ninka biyu, ƙarfin da ke jan ƙarfen waje ninkawa huɗu yake yi. Idan ya tarwatse a wannan gudu, kwanon giyabos na alminiyom ba zai tare shi ba. A motocin da injinsu ke kwance daga gaba zuwa baya irin BMW da Marsandi, faifan nan dab da ƙafar direba yake. Wannan ne ya sa a gasar tseren Amurka ake tilasta wa motoci masu gudu sosai sa filawil mai shaidar SFI, ƙungiyar da ke tantance ingancin kayan tsere, da garkuwar ƙarfe a kewayensa. Mu kuwa a nan yaro zai cika mota da abokai ya je yana juyi da ita a bainar jama'a ranar biki.

Wani abin takaicin, mun ji har masu otomatik yake yi wa tallan. Motar otomatik ba ta da irin wannan filawil ɗin, wani siririn faranti ne a wurin, nauyin yana jikin tok kwambata, abin da ke maye gurbin kulochi a cikinta. Me za a rage?

In har sai ka saya, kada ka tura ko sisi kafin kaya su zo hannun bakanikenka. A kankare fenti a gani, don na gaske ba ya buƙatar fenti. In an ce alminiyom ne, ɗora maganaɗisu a jikinsa, ban da haƙoran gefe da farantin kulochi bai kamata ya kama ba. In an ce kuromoli ne, rataye shi ka ƙwanƙwasa da sifana, ƙarfen kirki yana amsawa rau kamar ƙararrawa, na zubi kuwa amonsa a dakushe yake, fatarsa kuma da gurzu-gurzu a inda inji bai taɓa ba. A nemi sunan kamfani da lambar kaya a jikinsa, a duba a intanet ko ta dace da injinka, a ɗora shi a sikeli.

Mun koma Ƙofar Ruwa mun sayi na asali na hannu, an mayar, girgiza ta ɗauke. Lambar mutumin a kashe take tun ranar da ƙanena ya tura masa hoton tsagar, mun kai ƙara da shaidar tura kuɗin, muna jira. Shekaranjiya wani abokin ƙanen nawa ya turo mana sabon bidiyo. An canza sunan shafi, amma murya ita ce, tabarmar da yake shimfiɗa kayan a kai ma ita ce.