Ihya'u da Ayyuhal Walad sun ci kuɗinsu, amma a duba bugun da za a saya

Duk wanda ya ce min yana neman littafin da zai girgiza shi kan mutuwa da sadaka ni dai wajen Imamu Gazali nake tura shi, ko da kuwa na san akwai waɗanda da jin sunan za su yamutsa fuska. Littattafansa biyu nake nufi, Ihya'u Ulumiddin da ɗan ƙaramin nan Ayyuhal Walad, a cikin Ihya'un ma ba duka ba, kitabi biyu ne suka fi riƙe ni, na sirrikan zakka da na ambaton mutuwa.

Malamin haifaffen Ɗus ne a yankin Khurasan, cikin Iran ta yanzu, an haife shi 450 hijira ya rasu 505, shekara 55 ke nan kacal. Abun da ya sa maganarsa kan dukiya take shiga jiki shi ne ba talaka ne yake zagin abun da bai samu ba. Shi ne babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, ɗalibai wajen 300 a gabansa, masu mulki na ji da shi, sai a 488 ya ajiye komai ya rabar da abun hannunsa in ban da ɗan abun da iyali za su ci, ya kama hanyar Sham. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Munƙizu minad Dalal, wata shida yana kai gwauro yana kai mari tsakanin ya tafi ko ya zauna har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da karatu. To Ihya'u bayan wannan fitar aka rubuta shi, rubu'i huɗu, kowane rubu'i kitabi goma, na zakka shi ne na 5, na mutuwa shi ne na 40 wanda ya rufe littafin da shi.

Na zakkar nan wallahi da da hali da an bi masu rabon kayan azumi an karanta musu shi kafin su kira mai kyamara. Hukunce-hukuncen nisabi da sauransu yana nan a farko, a mazhabar Shafi'iyya yake kawo su don haka mu 'yan Malikiyya sai a koma Risala ko Askari don wannan ɓangaren, ba nan daɗin yake ba. Daɗin yana inda ya shiga zuciyar mai bayarwa. Ya ce asalin gori shi ne ka ɗauka kai ne ka yi wa talaka alheri, alhali shi ne ya taimake ka da ya karɓi haƙƙin Allah daga hannunka ya wanke ka. Ya kawo misalin wanda ake bi bashi, mai kuɗin ya ce je ka ba wa yarona, shin in ka miƙa wa yaron sai ka tsaya jiran ya durƙusa maka? Bashi fa ka biya.

Sai kuma gwajin da ya bayar, wanda ni shi ne ya fi ƙona min rai don ba shi da makawa. Ya ce ka ƙaddara wanda ka ba sadakar ya zo daga baya ya yi maka laifi, ko ka gan shi yana hira da maƙiyinka, in ka ji haushin ya fi wanda za ka ji da ba ka taɓa ba shi komai ba, to sadakarka ba ta kuɓuta daga gori ba. Ka tuna sau nawa muke cewa "bayan duk abun da na yi masa" a kan ɗan'uwa ko yaron shago ko maƙwabci. Ya kawo yadda magabata suke ɓoye kyauta, wani ya saka a hannun makaho, wani ya ɗaure a gefen rigar talaka yana barci, wani ya ajiye a hanyar da zai bi. Amma fa bai ce bayyanawa haramun ba ce, ya yarda a bayyana in hakan zai sa wasu su yi koyi kuma mutum ya tsira daga riya, sai dai ya ja kunne sosai kan keta mutuncin mai karɓa, don shi ma mutum ne, yana jin kunya a gan shi a matsayin mabuƙaci. Wajen zaɓen wanda za a ba ma ya ce a nemo mai ɓoye talaucinsa, irin magidancin nan da zai wanke rigarsa ɗaya ya goge ya fito kamar ba komai alhali ba a ɗora tukunya a gidansa ba, da mai iyali da yawa, da marar lafiya, da dangi.

Na mutuwar kuma na ɗauka tsoratarwa ce zalla irin ta wa'azin kaset, ashe ba haka ba. Akwai tsoratarwar kam, zafin fitar rai, kabari, hisabi, siraɗi, duk ya bi su. Amma inda ya fi ƙarfi shi ne maganar dogon buri, yadda mutum yake ce wa kansa bari in gama ginin nan, bari in aurar da yaran nan, bari in dawo daga tafiyar nan sannan in tuba, kuma duk aikin da ya gama sai ya haifo masa wasu goma. Hanyar da ya bayar ta tuna mutuwa ma mai sauƙi ce, ba faɗin "kullu nafsin" da baki ba, ka zauna ka tuno sa'o'inka da suka riga ka ɗaya bayan ɗaya, fuskarsu, dariyarsu, shirin da suke yi na shekara goma gaba, matansu da suka yi takaba, kujerarsu a majalisa da wani ya gaje. Akwai labarin Rabi'u ɗan Khusaimu da ya haƙa kabari a cikin gidansa yana shiga yana kwanciya, wannan kam ban ce kowa ya gwada ba. Kuma ya rufe littafin gaba ɗaya da babi kan yalwar rahamar Allah, don kar mutum ya tashi da yanke ƙauna.

Ayyuhal Walad kuwa wasiƙa ce ga wani ɗalibinsa, zama ɗaya za ka gama ta. A ciki ne ya kawo fa'idoji takwas da Hatimul Asammu ya ce ya samu wajen malaminsa Shaƙiƙul Balkhi, ta farko a kan masoyin da zai shiga kabari tare da kai, wato aikin kirki. Wanda Ihya'u ya yi wa nauyi ya fara da wannan, kuɗinsa ma bai taka kara ya karya ba.

Yanzu inda matsalar take. Ihya'u cike yake da hadisai masu rauni, wasu ma ba su da asali, wannan ba sharrin 'yan zamani ba ne, Ibnul Jauzi ya faɗa tun tuni, a Andalus har ƙona littafin aka yi zamanin daular Murabiɗuna duk da su nasu dalilin ya haɗa da wasu abubuwan. Wasu labaran zuhudun ma sun yi tsauri har ka ce anya kuwa. Shi ya sa kar ka yarda ka sayi bugun da babu takhrijin Hafiz Iraƙi a ƙasan shafi, shi ne ya bi hadisan yana faɗin wanda ya inganta da wanda bai inganta ba. In ka shiga wajen masu littattafai a Kurmi ko ina ne, ka buɗe ka gani da idonka kafin ka biya. Nawa bugun mai arha ne, takardar shara-shara rubutun kuma ƙanana kamar ƙwan sauro, da dare sai da tabarau. Mai hali ya nemi na Darul Minhaj ta Jidda, mujalladi goma, rubutu sarari, sai dai aljihu zai ji a jikinsa.

Larabcin ba na mai koyo ba ne, jimlolinsa dogaye ne, gara a zauna gaban malami a ja baƙi ana fassarawa yadda aka saba a zaure. Wanda kuma ransa bai kwanta da tasawwufin da ke ciki ba, akwai Mukhtasaru Minhajil Ƙasidin na Ibnu Ƙudama, mujalladi ɗaya ne, taƙaitawa ce ta taƙaitawar da Ibnul Jauzi ya yi wa Ihya'un, an zubar da mafi yawan hadisan da ake ƙorafi a kansu, kuma babin zakka da na mutuwa duk suna ciki.